Rihla da Birnin Santambul: Abin da Aka Gani da Abin da Aka Ji

Wata magana ta yawaita a bakin wasu masu sharhin adabi, cewa wai rubutun rihla ya gama aikinsa, tun da yake duk wanda ya sauka Santambul a yau yakan komo da hotuna jingim cikin wayarsa, kuma hoto ba ya ƙari ba ya ragi, alhali marubutan rihla na dā sun yi suna wajen shaci-faɗi. Wannan hukunci ne na gaggawa, kuma ga alama mai yin sa bai taɓa sauke rihla ko guda ɗaya ba.

Asalin fannin sananne ne. Daga tafiye-tafiyen masu neman hadisi ya tsiro, Ibn Jubairu ya daidaita masa tsari da tafiyarsa ta hajji da ya fara a 1183, Ibn Battuta ya faɗaɗa shi, sa'an nan Auliya Calabi, haifaffen Santambul a 1611, ya cika mujalladi goma, na farkonsu a kan birninsu kaɗai. Mu ma muna da rabonmu, domin Tafiya Mabuɗin Ilmi ta Abubakar Imam 'yar gidan nan ce.

Abin da ya fi ƙayatar da ni, wanda kuma nake ganin shi ne ruhin fannin, shi ne yadda marubucin rihla yake raba mushahada da riwaya, ya ajiye abin da idonsa ya gani daban, abin da aka gaya masa daban. A dubi Ibn Battuta sa'ad da ya shiga Kustantiniyya, wato Santambul ta yau, wajen shekarar 1332, cikin ayarin gimbiya Bayalun, matar Sarki Uzbak, tun birnin yana hannun Rumawa. Da ya zo kan kasuwanni, sai ya yi magana gaba gaɗi, ya ce titunansu shimfiɗe suke da dutse, kowace sana'a da nata layi, galibin masu saye da sayarwa kuma mata ne. Haka ya siffanta Galata da ke ƙetaren ruwa, da Turawan Janawa da na Banis da ke zaune cikinta, da yawan jiragenta, da ƙazantar kasuwanninta, domin duk wannan ƙafarsa ta taka. Amma da ya iso Aya Sofiya, wadda a lokacin majami'a ce, sai ya faɗa a sarari cewa wajenta kaɗai zai siffanta, cikinta bai gani ba, saboda ba a barin kowa ya wuce ƙofa sai ya yi sujada ga gicciye, shi kuwa ba zai yi ba. Yawan limaman da ke ciki da sauran labarinta duk ya jingina su ga waɗanda suka ba shi labari. Mutumin da yake da halin cika shafi uku da siffar kubba, ba kuwa mai tuhumarsa, amma ya tsaya inda idonsa ya tsaya, wannan tarbiyyar malaman isnadi ce.

Masu suka sukan kawo tsohon sarkin Rumawa da ya ce ya gana da shi cikin tufafin ruhbananci, alhali tarihi ya nuna ya riga ya rasu. To, baƙon da ba ya jin Girkanci, wanda duk zancensa ta bakin tafinta yake bi, idan aka nuna masa wani tsoho aka ce sarki ne, illar tana ga mai riwaya, kuma littafin da kansa ya gaya mana akwai tafinta a tsakani.

Mai yawon buɗe ido na yau ya fi kowa bukatar wannan ladabi. A Aya Sofiya, wadda aka gama gininta a 537, ta zama masallaci a 1453, akwai wani ginshiƙi mai rami da aka lulluɓe da tagulla, inda masu ziyara suka saba cusa babban yatsa su juya tafin hannu don neman biyan bukata. A fadar Topkapi kuwa, cikin ɗakin amanonin da aka fara tarawa bayan Sarki Salim ya ci Masar a 1517, za a nuna masa sanda a ce ta Annabi Musa ce, alaihis salam. Hoto yana ɗaukar sandar, amma ba shi da wurin da zai sa “an ce”, sai ya isa gida tamkar hujja yankakkiya. Saboda haka nake ganin kuskure ne a ajiye rihla kusa da tatsuniya a manhajar makarantu. Mazauninta yana gefen musɗalahul hadisi, kuma da ma'auninsa ya kamata a auna ta.

Masana tarihin ƙasar Hausa sun daɗe suna cin moriyar wannan rarrabewa. Ibn Battuta ɗin nan ya sauka Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353, ya siffanta narkar da tagulla da ake yi a garin, sa'an nan ya ambaci Gobir da Barno cikin wuraren da ake kai ta, ba tare da ya yi da'awar ya taka ko ɗaya daga cikinsu ba.