Muryar Gizo a Bakin Mai Karatu

A tatsuniya da yaro ake yi, ba zaman kallo ya zo ba. Kaka ba ta shiga labari sai ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," jikoki sun amsa "Ta zo mu ji ta." In an iso waƙar da ke tsakiya, ita ke bayarwa su ke amshi, har da tafi. Gizo kuwa ba a yi masa magana irin ta mutane. Tsamin bakinsa ake kwaikwayo, yara su kece da dariya tun kafin su ji dabarar da zai ƙulla wa Kura.

Da aka zuba tatsuniyoyi a takarda, tun daga tarin Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 har zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, labarin ya tsira amma muryar ta rage a tsakar gida. Da alama Abubakar Imam ya lura da wannan giɓi. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ya sa labarai a bakin aku, ya zaunar da Musa ɗan sarki yana saurare. Wato littafin da kansa yana neman a ji shi da kunne.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke karanta wa ƙananan yara a aji. Malam ya faɗi layi, yara su maimaita da ƙarfi, ya faɗi na gaba. Wannan na da amfani wurin hadda, ban musa ba. Amma maimaici daban, amshi daban. Mai maimaici abin da aka ba shi yake mayarwa, ko da hankalinsa na wajen tara. Mai amshi kuwa dole ya bi labari, don ya san inda nasa zai faɗo. Shi ya sa yaro kan rera shafi guda ba tuntuɓe, a tambaye shi wa ya cinye naman, ya yi zuru.

Dabarun gyara suna hannun kakanni tuntuni. A ba kowa muryarsa: Dodo ta ƙasan maƙogwaro, Ƙoƙi 'yar siririya. A tsaya kafin a juya shafi a ce, "To, me kuke jin zai same shi?" A bar yaro ya riƙe littafin, ya ɗora yatsa a kan hoto, ya yi gardama. Labarin da ya riga ya sani, a kauce masa da gangan, a ce Kura ce ta yi nasara, nan take za a ji "A'a Baba, ba haka ba ne!" In ya ce a sake, a sake, ko sau nawa ne, domin a haka ne zai fara gane cewa baƙaƙen nan su ke riƙe da maganar.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen iyaye maza. An saba ɗaukar tatsuniya aikin mata da tsofaffi, magidanci kuma yana jin nauyin ya lanƙwashe harshe a gaban 'ya'yansa, balle ɗan fari. Alhali a gidaje da yawa, musamman a karkara, shi ne ya yi boko, littafin a hannunsa yake, muryar kuma tana wajen kaka. Sai dai su zauna tabarma ɗaya bayan sallar isha'i, shi ya karanta, ita ta ba da waƙar.