Littafin Da Ya Raba Kan Masu Karatu



Yau zancenmu a kan wani littafi ne da ya shigo mana Matamaye daga Kano, ta hanyar Daura. Sunansa Wa Zai Auri Jahila? Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ce ta rubuta shi, ya fito a 1990. Na karanta shi da ɗalibaina, ajin mata da la'asar, ajin maza da dare. Tun da na fara koyar da manya ban ga littafin da ya jawo gardama kamarsa ba.

Ga labarin a taƙaice. Wata yarinya ce, Abu. Ubanta ya cire ta daga makaranta. Saurayin da ta sa rai da shi, ɗan boko, ya ƙi ta, wai jahila ce. Aka ɗaura mata aure da wani tsoho, Sarkin Noma, ba da sonta ba. Ta gudu Kano wurin ƴar'uwar iyayenta, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Da yawanku kun saba da irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam: sarki, waziri, aku mai magana, a yi dariya a ɗauki darasi. Nan babu aku, babu fada. Tsakar gida ce da ɗakin amarya, da magana irin wadda ake yi bakin murhu. Har daren farko da tsohon ya shiga wurin yarinyar, marubuciyar ba ta rufe shi da zane ba. Wurin nan ne mutane suka rabu.

A ajin dare wani dattijo ya tsai da ni. Ya ce, "Malam, wannan ba karatu ba ne, tonon asiri ne. Abin da aka yi a ɗaka ba a kai shi kasuwa." Wasu suka ce littafin zai koya wa yara gudun aure. Wani kuma ya ce an ci mutuncin iyaye da malamai.

A ajin la'asar kuwa, shiru aka yi. Can wata uwargida ta ce, "Malam, sake karanta wurin nan." Na sake. Ta ce ita ba ta san ana iya sa irin wannan a takarda ba, ta ɗauka takarda ta gwamnati ce da ta magani. Amma kada ku ce mata duk bakinsu ɗaya. Wata ta ce Abu ta cika taurin kai, su da suka yi haƙuri ai ba su mutu ba.

Wannan gardama ba a kanmu aka fara ta ba. A Najeriya an yi shekaru ana yin ta cikin jaridu. Ibrahim Malumfashi ya soki irin waɗannan littattafai, ya kira su adabin kasuwar Kano. Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu. A 2007 ma gwamnatin Jihar Kano ta sa an ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata.

To, ni ina na tsaya? Dattijon nan yana da tasa gaskiyar. A ganina an shafa wa Sarkin Noma baƙi da yawa, har ya zama kamar dodo. Uban da ke aurar da ƴarsa da wuri a ƙauyukanmu ba kullum mugu ba ne. Sau da yawa tsoron abin kunya ne, ko rumbu ne ya yi ƙasa. Da an nuna mana wannan tsoro sosai, da maza sun fi sauraro.

Amma zancen tonon asiri ban yarda da shi ba. Asirin wa? Wace unguwa ce a Matamaye ko Kance ba ta san yarinyar da ta yi yaji sau uku, aka mai da ita sau uku ba? Kowa ya sani, rubutawa ce ba a saba ba. Kuma wadda ta rubuta ba daga nesa ta hango ba. Ita ma an cire ta daga makaranta, an yi mata aure tana ƙarama. Daga baya ta shiga ajin manya a Kano, irin wanda kuke zaune ciki. Yayanta shi ne Janar Murtala Muhammed, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1975 zuwa 1976. Gidan su Murtala ma bai tsare ta ba, balle ƴar talaka.

Wanda zai nema ya karanta, ga gargaɗi. Hausar Kano ce, da kalmomin Ingilishi nan da can. Inda muke cewa lakkol za ku ga makaranta, inda muke cewa likita za ku ga asibiti. Harafin ƴ da muka koya, su 'y suke rubutawa. Yana da tsawo ga sabon hannu. Ku haɗu biyu ko uku, ɗaya na karantawa sauran na bi da yatsa, shafi biyu a zama ɗaya ya isa. Wurin daren farko kuma, a bari sai yara sun yi barci.