Ladan Biyayya: Barorin Sarauniya a Cikin Ƙagaggun Labaran Tarihi

A daren 16 ga watan Yuli na shekarar 1789, wata karusa ta sulale daga fadar Versailles ta nufi iyakar ƙasar Suwis. A cikinta akwai Gabrielle de Polignac, aminiyar sarauniyar Faransa Marie-Antoinette, wadda mutanen Faris suka tsana kusan yadda suka tsani sarauniyar kanta, ta yi shigar baranya don kada a shaida ta a hanya. Zuwa nan tarihi ne ke magana. Abin da marubuciya Chantal Thomas ta ƙara a cikin littafinta Les Adieux à la reine, wato ban kwana da sarauniya, wanda ya fito a 2002 kuma ya ci lambar yabo ta Femina a wannan shekarar, shi ne wata mace ta biyu a cikin karusar. Ita ce mai karanta wa sarauniya littattafai, an sa mata tufafin Polignac domin in jama'a sun tare hanya, fushinsu ya sauka a kanta. Wannan shi ne tukuicin da ta samu bayan shekarun da ta yi tana hidima, kuma da shi ya kamata a auna sauran littattafan da suka ɗauki barorin fada a matsayin taurarinsu.

Irin waɗannan labarai sun yawaita a kasuwar adabin duniya, mafi yawansu kuma an rubuta su ne da niyyar ƙarfafa zuciyar mai karatu. Zubinsu sananne ne. Yarinya marainiya ko ƴar gidan da arziki ya guje wa takan shiga fada ta ƙofar baya, a ajiye ta a madafa ko ɗakin ɗinki. Manyan barori su yi mata makirci, ta jure, hannunta ya ƙware, sarauniya ta lura da ita, daga ƙarshe gaskiyarta ta fito a ɗaukaka ta. Wasan talabijin na Koriya ta Kudu mai suna Dae Jang Geum, wanda aka nuna cikin kashi 54 tsakanin 2003 da 2004, a kan wannan hanya ya bi: marainiya ta fara daga madafar fada, aka kore ta zuwa tsibirin Jeju, ta koyi aikin magani, ta komo ta zama likitar Sarki Jungjong. Kundin tarihin daular Joseon ya ambaci sunan wannan mata sau kaɗan ne kawai, sauran duk aikin mawallafa ne. A Amurka kuma, inda littattafan da aka gina kan ƙissoshin Baibul suke da masu karatu da yawa, Tessa Afshar, haifaffiyar Iran, ta fitar da The Queen's Cook a 2024, labarin wata budurwa da ta sami aiki a madafar Sarauniya Esta a fadar Farisa.

Ba za a hana waɗannan ayyuka yabon da suka cancanta ba. Sun ɗauke idon mai karatu daga kan karaga sun kai shi bakin murhu, sun nuna cewa mulki yana cin abinci, yana sa tufa, yana rashin lafiya, kuma hannuwan mata ne ke ɗauke da wannan nauyi ba tare da marubutan tarihi sun rubuta sunayensu ba. Sun kuma girmama sana'a. Mai kallon Dae Jang Geum yakan tashi da sanin cewa girki ilimi ne da ake koyo shekara da shekaru. Matsalar tana ga alkawarin da labarin yake yi a ɓoye. Da yake dole ne haƙuri ya dafa dutse kafin a rufe littafi, sai fada ta zama wurin da adalci yake jinkiri amma ba ya fashi, sarauniya kuma ta zama uwa mai gane na kirki. Mai karatu ba ya samun damar tambayar makomar sauran ɗaruruwan da suka tsufa a madafar ba wanda ya san da su. In lada yana bin biyayya, to ke nan waɗanda ba su samu ba su ne suka gaza. Wannan hukunci ne mai nauyi a kan matattu, littafin kuwa yana yanke shi cikin murmushi.

Chantal Thomas ta ƙi yin wannan alkawari. Ta san Versailles ta hanyar bincike tun kafin ta juya ga ƙagaggen labari, domin a 1989 ta wallafa La Reine scélérate, nazarin takardun ɓatanci da aka riƙa yaɗawa kan Marie-Antoinette. Tauraruwarta, Agathe-Sidonie Laborde, tana ba da labarin ne daga birnin Biyana a 1810, ta tsufa cikin gudun hijira tare da ragowar fadawan da suka tsira. Kwana uku kacal take tunawa, 14 da 15 da 16 ga Yulin 1789. Muƙaminta ƙarami ne, mataimakiyar mai karatu ce, wadda takan kwana da shirin abin da za ta karanta sannan a manta da kiranta, ko a kira ta sarauniya tana sauraro da rabin kunne. Duk rayuwarta jira ce a bakin ƙofa.

Wannan matsayi shi ne dabarar littafin. Faɗuwar kurkukun Bastille ba a nuna ta ko sau ɗaya. Tana isowa fada ne a matsayin raɗe-raɗi, daga baki zuwa baki cikin lunguna, wasu na ƙaryatawa wasu na tattara kaya. Ranar 14 ga wata ta wuce wa Agathe-Sidonie kamar kowace rana, har ma da ɗan farin ciki, saboda ta sami zama gaban uwargijiyarta. Sai washegari tsoro ya fara shiga, aka kawo wata takarda mai jerin sunaye 286 na waɗanda ake neman kawunansu, manya suna duba ko nasu yana ciki. Masu gadi suka fara barin ƙofofi, barori suka daina amsa kira. Mai karatu yana ganin mulkin da ya yi ƙarnuka yana warwarewa kamar tsohuwar tabarma, daga gefen da ƙananan ma'aikata suke zaune. Haka nan marubuciyar ba ta ɓoye warin fadar ba, da sauro da ɓeraye da ɗakunan barori masu ƙunci a ƙarƙashin rufi, abubuwan da littattafan ƙarfafa zuciya sukan share kafin su shigo da baƙo.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne wajen nuna soyayyar da ke tafiya ta fuska ɗaya. Agathe-Sidonie tana ƙaunar sarauniya ƙauna mai kama da bauta, ta san takunta, ta san sautin muryarta in ranta ya ɓaci. Zuciyar sarauniya kuwa tana wajen Gabrielle de Polignac, kuma a ranar da aka nemi wani abu babba daga mai karatun, an nema ne don a ceci Gabrielle. Marubuciyar ba ta mayar da Marie-Antoinette azzaluma ba. Ta nuna ta mace ce mai tsoro da jarunta a lokaci guda, wadda aka rena a kan cewa mutanen da ke kewaye da ita kayan aiki ne, ta yadda ba ta ga wani abin mamaki a cikin buƙatarta ba. Abin da ya fi sosa rai shi ne baranyar ita ma ba ta gani ba. Ta karɓi umarnin tamkar wata karramawa, kuma bayan shekara 21, sarauniya ta daɗe da rasa kanta a ranar 16 ga Oktoban 1793, tsohuwar tana nan tana raya Versailles a cikin ƙwaƙwalwarta. Mai karatu ne kaɗai aka bar wa fushin.

A nan ne kuma raunin aikin yake. Da yake muryar mai ba da labari ba ta taɓa farkawa ba, talakawan Faris sun tsaya a matsayin hayaniya daga nesa, yunwar da ta fito da su ba ta da fuska. Mai karatun da bai san tarihin tsadar burodi ta 1789 ba zai iya rufe littafin yana jin tausayin fada kaɗai. Bugu da ƙari, Agathe-Sidonie mai ilimi ce, ƴantacciya, wadda ta zaɓi hidimarta. Masu wanki da masu kwashe bahaya suna giftawa ne kawai. Littafin ya sauko daga karaga, amma ya tsaya a tsakiyar matakala.

Tarihi ya ajiye misalin baranyar da ta ɗaukaka, sai dai hanyarta ta saɓa wa ta ƙagaggun labarai. Madam Campan, wadda ita ma ta fito a cikin littafin Thomas, ta kai matsayin shugabar barorin ɗakin Marie-Antoinette, kuma ita ce ta bar wa duniya labarin safiyar da sarauniya ta tsaya tana rawar sanyi, rigarta tana yawo daga hannu zuwa hannu domin duk matar da ta shigo ta fi ta baya muƙami. Juyin juya hali ya bar ta hannu rabbana. A 1794 ta buɗe makarantar ƴan mata a Saint-Germain-en-Laye, a 1807 Napoléon ya ba ta shugabancin makarantar Écouen. Da gidan sarautar da ta yi wa hidima ya komo mulki, sai aka juya mata baya saboda ta yi aiki da Napoléon, ta rasu a 1822 ba ta da wani matsayi. Abin da ya ɗaga ta iliminta ne, bayan fadar ta rushe. Biyayyarta kuwa ba ta saya mata ko afuwa ba.

Wannan muhawara ta shafi adabin ƙasar Hausa kai tsaye, domin fada da matanta ba baƙin abu ba ne a nan. Littafin Abdoulaye Mamani, Sarraounia, na 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986 wanda ya ci babbar lambar FESPACO a 1987, sun mayar da sarauniyar Lugu, wadda ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a Afrilun 1899, jarumar ƙasa baki ɗaya. Idon Mamani yana kan sarauniya da mayaƙanta da hafsoshin Faransa, kuma hakan ya dace da manufarsa. Matan da suka daka hatsin mayaƙa, suka ɗebo ruwa, suka goya yara zuwa cikin kurmi, har yanzu suna jiran nasu littafin. Kayan aikin kuwa suna nan jibge. Akwai sarautar Iya a Maraɗi da ta Inna a Gobir, masu iko a kan al'amuran mata da na bori, kowace da mabiyanta. Akwai jakadiya, wadda ke ratsa ƙofar da aka hana maza, tana kai saƙo tsakanin sarki da cikin gida, ta ji abin da waziri bai ji ba. Binciken Heidi Nast kan fadar Kano, wanda ya fito a 2005, ya nuna yadda ƙwaraƙwarai da bayi mata suke da hannu wajen tattara hatsin haraji da ajiyarsa. Marubucin da ke neman mace mai gani ba a ganinta ba sai ya je Versailles ba.

Sai dai duk wanda ya ɗauki alƙalami kan wannan jigo zai ci karo da kalmar da Thomas ba ta buƙaci fuskanta ba. Yawancin kuyangin fadojin ƙasar Hausa bayi ne, an kamo su a yaƙi ko an saye su ko an bayar da su kyauta. Labarin da zai ɗauki irin wannan yarinya ya bi da ita ta hanyar haƙuri har ta haifi ɗan sarki, ya rufe da guɗa, zai yi daɗin karantawa, kuma zai zama wanka ne aka yi wa bauta. Al'amarin ma bai yi nisan da za a ce ya zama tatsuniya ba. Sai a 2003 dokar Nijar ta tanadi hukunci kan bautar da mutum. A ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta yanke hukunci cewa gwamnati ta gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 kan jikka 240 na kuɗin sefa, ta kuma umarci a biya ta diyyar miliyan 10. Ba a fada aka riƙe ta ba, amma al'adar wahaya da aka riƙe ta da sunanta daga tsatso ɗaya take da ta ƙwaraƙwaran da. Ƴancinta ta same shi ne da ta ƙi komawa, ta kai ƙara.

Saboda haka ma'aunin irin wannan labari tambayoyi biyu ne. Shin baranyar tana da wata rayuwa da ba ta uwargijiyarta ba, gari da ta fito, harshen da aka raba ta da shi, wani buri nata na kanta? Shin littafin ya faɗi abin da hidimar ta ci mata? Les Adieux à la reine ya amsa ta biyu da gaskiya mai ɗaci, ya bar ta farko a buɗe, tunda Agathe-Sidonie ba ta da komai in an cire sarauniya. Labarin da zai amsa duka biyun shi ne zai ƙarfafa zuciya ba tare da yaudara ba, kuma ba a Faris kaɗai ake iya rubuta shi ba. A Damagaram da Tsibiri da Maraɗi akwai tsofaffin da kakanninsu mata suka yi aiki a cikin gidan sarki, suna riƙe da sunayensu da garuruwan da aka ɗauko su. Marubucin da ya je ya zauna a gabansu da littafin rubutu zai tarar an riga an yi masa rabin aikin.