Labarun Kantabari a Ajin Sakandare

Cikin littattafan Turanci da a ke karantawa a manyan azuzuwan sakandare a Ingila da Amurka, akwai wani tsoho da ya haura shekara 600, a na ce da shi Labarun Kantabari. Wanda ya wallafa shi sunansa Geoffrey Chaucer, a baki kuwa Cosa a ke cewa. Yara da yawa su kan ƙosa da shi, don Turancinsa ba irin na yanzu ba ne. Iyaye kuma su kan tambaya, ina amfanin ɗora wa yaro harshen da masu shi ma sun daina magana da shi? Tambayar tana da ƙarfi, don yaron da ya shekara kan littafi ya fita bai iya rubuta kome ba, an yi hasarar shekararsa. Ni a ganina littafin ya cancanci a karanta shi, amma fa sai an san abin da a ke nema a ciki.

Shi Cosa ma'aikacin sarki ne. Daga 1374 zuwa 1386 shi ke duba kuɗin fiton ulu da fatu a tashar jiragen ruwa ta Landan, da sharaɗin ya riƙa rubuta lissafin da hannunsa. Ya yi aikin soja, an kuma aike shi jakadanci Faransa da Italiya. Saboda haka ya san fadawa da fatake da masu ha'inci, ido da ido. Ya rasu a 1400 bai gama littafin ba.

A zamaninsa Turanci bai da martaba sosai. Tun da mutanen Nomandi suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, Latin kuwa na malamai. Sai a 1362 aka yi dokar a riƙa yin shari'a da Turanci. Kalmomin Faransanci suka cika Turancin, kamar yadda na Larabci suka shigo Hausa ta hanyar karatu da alƙalanci. Cosa ya zaɓi ya yi waƙarsa da wannan harshe na mutanen gari, ya nuna zai iya ɗaukar magana mai nauyi.

Tsarin littafin mai sauƙi ne. Mutum 29 suka taru a wani masauki a kudancin Landan, za su ziyarar kabarin Tomas Beket, babban limamin Kirista da aka kashe a Kantabari a 1170. Mai masauki ya ce kowa ya ba da labari biyu a tafiya, biyu a komowa, wanda ya fi a yi masa liyafa. Da an cika wannan da labarun sun haura 100, amma 24 kaɗai muka samu.

Gwanintar Cosa ta farko tana cikin gabatarwa, inda ya siffanta matafiyan ɗaya bayan ɗaya. Ba ya zagin kowa. Sai ya faɗi tufafin mutum, da dokinsa, da abin da ya ke so, ya bar mai karatu ya yanke hukunci. Akwai likita wanda ya karanci Razi da Ibn Sina da Ibn Rushd, ga sanin magani, amma kuɗin da ya samu lokacin annoba ya ƙulle su tam, don zinariya ita ce abar ƙaunarsa. Akwai wata masaƙiya mai jar safa da faffaɗar hula, ta yi aure biyar, ta je Ƙudus sau uku, kunnenta da ɗan nauyi. Akwai almajiri mai ramammen doki, wanda ya fi son littattafai bisa riga mai kyau. Akwai kuma talakan limamin ƙauye, mai taka ƙasa da sandarsa cikin ruwan sama zuwa gidan marar lafiya. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, haka Cosa ya ke aiki.

Gwaninta ta biyu ta fi wannan. Bari in kawo labari ɗaya don misali, na mai sayar da takardun yafe zunubi. Waɗansu mashaya uku suna zaune gidan giya, sai suka ji an wuce da gawar abokinsu, aka ce musu wani ɓarawo mai suna Mutuwa ne ya kashe shi. Suka yi rantsuwa sai sun nemo Mutuwa sun kashe shi. A hanya suka gamu da wani tsoho, ya nuna musu gindin wata itaciya, ya ce can ya baro shi. Da suka isa sai ga tulin kuɗin zinariya. Suka manta da abin da ya fito da su. Aka yi ƙuri'a, ƙaraminsu ya tafi gari sayo abinci da giya. Biyun da suka rage suka shirya soke shi in ya komo. Shi kuma ya sayi gubar ɓera ya zuba a kwalba biyu, ya bar tasa. Da ya iso suka kashe shi, suka zauna suka sha, su ma suka bi shi. Ashe tsohon bai yi ƙarya ba.

Wanda ya zauna gaban malamai zai ce ai ya san wannan. Gaskiyarsa. Imam Gazali ya kawo irinsa cikin Ihya'u, labarin Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da abokin tafiyarsa da gurasa uku, inda mutum uku suka hallaka kan zinariya, ɗaya da makami, biyu da guba. Akwai shi kuma cikin tsofaffin labarun Hindu. Watau Cosa bai ƙago shi ba. Abin da ya ƙara shi ne bakin da ya sa labarin a ciki. Mai ba da shi mayaudari ne, yana yawo da ƙasusuwan alade yana cewa na waliyyai ne. Kafin ya fara ya gaya wa abokan tafiya da bakinsa cewa wa'azinsa kullum kan son kuɗi ya ke, don mutane su tsorata su ba shi nasu. Yana gama labarin kuwa sai ya kwance kayansa, ya ce mai masauki ya fara zuwa ya biya. Mai masauki ya zazzage shi, har sai da barden da ke cikin ayarin ya shiga tsakani. To, ga wa'azi na gaskiya a bakin maƙaryaci, mai karatu kuma ya ga kwaɗayi sau biyu, cikin labarin da kuma cikin mai labarin. Wannan shi ne abin da ya kamata yaro ya fita da shi daga aji: kowace magana tana da mai ita, sai an dubi mai ita sa'an nan a san nauyinta.

Inda a ke kuskure wajen koyarwa shi ne a mai da littafin wurin haddar kalmomi. Yaro ya kwana yana bitar ma'anonin tsofaffin kalmomi da bayanin da wani ya rubuta a gefe, ranar jarrabawa ya juye su, bai taɓa yin dariya ko tsoro cikin labarin ba. Wannan karatun aku ne. Hanyar da na ga ta fi ita ce malami ya fara ba da labarin da harshe mai sauƙi. Akwai juyin da Nevill Coghill ya yi zuwa Turancin zamani a 1951, ya isa wannan aiki. Bayan haka a ɗauki baiti kaɗan na asali a karanta da ƙarfi, don waƙa ce mai gaɓa goma a layi, layi biyu biyu masu amsa juna, kunne ya fi ido saurin gane ta. Daga nan sai a ba yara alƙalami. A ce kowa ya siffanta mutum uku da ya taɓa shiga mota da su, ba zagi ba yabo, sai abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. Sa'an nan ya sa wa ɗayansu labari a baki wanda zai tona halinsa. Yaron da ya iya wannan ya iya rubutu, ko wasiƙa aka ba shi ko rahoto.

Littafin yana da aibinsa, bai kamata a ɓoye ba. Labarin mai niƙan alkama da na wakilin gona batsa ta yi musu yawa, ba na ƙananan yara ba ne. Labarin shugabar mata masu zaman ibada ƙazafi ne ga Yahudawa. Labarin lauya kuwa, da ya taɓo sarkin Sham da uwarsa, ya nuna ƙarancin sanin Musulunci irin na Turawan wancan zamani. Malami na kirki zai faɗa wa yara haka a fili, ya nuna musu gwani ma ɗan zamaninsa ne. Shi kansa Cosa a ƙarshen littafin ya roƙi Allah gafara kan labarun da suka karkata ga saɓo.

Duk da haka alherinsa ya rinjayi aibinsa. Wanda ɗansa ya komo gida da wannan littafi, kada ya tambaye shi kalma nawa ya haddace. Ya ce ya ba shi labari ɗaya, ya kuma gaya masa wane ne mai ba da shi, da abin da ya ke nema wurin masu sauraro. In yaron ya amsa, kuɗin makaranta bai faɗi a banza ba.