Madara Ko Gona? Sharhi a Kan Littafin Alan Paton

'Yan'uwa ɗalibai, sau biyu na karanta littafin nan mai suna Cry, the Beloved Country. Karon farko sai da na share hawaye. Karo na biyu kuwa raina ne ya ɓaci. Dalilin wannan saɓani shi ne abin da nake so mu duba tare.

Marubucin, Alan Paton, Bature ne haifaffen Afirka ta Kudu, kuma Kirista mai riƙo da addininsa. Ya shekara fiye da 10 yana shugabantar gidan horon kangararrun yara baƙar fata a Diepkloof. Littafin ya fito a 1948, wato shekarar da jam'iyyar da ta kafa mulkin wariyar launin fata ta ci zaɓe.

Tauraron labarin shi ne Stephen Kumalo, wani tsohon limamin cocin Angilika a ƙauyen Ndotsheni. Ya tafi birnin Johannesburg neman ɗansa Absalom, sai ya tarar yaron ya shiga gidan wani Bature sata har ya harbe mai gidan. Abin takaici, mamacin, Arthur Jarvis, mutum ne mai fafitikar kare haƙƙin baƙar fata. Mahaifinsa James kuwa gonarsa na bisa tudun da ke kallon ƙauyen su Kumalo.

Babban jigon littafin shi ne tsoro. Bature na tsoron baƙi saboda yawansu, baƙi na tsoron doka da ɗan sanda. Maganin da Paton ya kawo daga addininsa ya ɗauko shi: ƙauna da yafiya. A nan dole in sara masa, domin bai yi wa'azi da baki ba, sai da hali. Lokacin da Kumalo ya tsaya gaban James yana makyarkyata ya bayyana masa ko shi wane ne, James bai zage shi ba. Daga baya ma ya riƙa aika wa yaran ƙauyen madara, ya kawo malamin gona, ya sa aka fara madatsar ruwa, ya kuma yi alkawarin gina sabon coci.

To, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Me ya kori samarin Ndotsheni zuwa birni tun farko? Dokar filaye ta 1913 ta bar wa baƙar fata kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar, ta 1936 ta ɗaga shi zuwa wajen 13. Wanda ya kore maka shanu, in ya aiko maka da ƙwaryar nono, kyauta ya yi ko biyan bashi? Paton ya san da wannan tambaya, har ya sa ta a bakin malamin gonar nan, amma ya bar ta a gefen labari. Haka kuma John, ɗan'uwan Kumalo, wanda muryarsa ke girgiza taron ma'aikata, an nuna shi matsoraci mai son kansa. Mai haƙuri aka yaba, mai neman haƙƙi aka kushe.

Tarihi bai bi littafin ba. A 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville. Da mulkin wariya ya faɗi a 1994, wani limamin Angilikan, Desmond Tutu, ya shugabanci Hukumar Gaskiya da Sasantawa, inda ba a yi wa mai laifi afuwa sai ya fito fili ya faɗi abin da ya aikata. A ganina wannan amsa ta Kirista ta fi ta Paton cika, ko da yake ita ma ba ta taɓa batun filaye ba.

Duk da haka ina ba ku shawara ku nemi littafin. Ku karanta babin ƙarshe, inda tsoho Kumalo ya hau dutse ya kwana yana addu'a, yana jiran fitowar ranar da za a rataye ɗansa. Sa'an nan ku tambayi kanku ko madara ta isa.