Binciken da ya tsaya a bakin rumbu

Masanin tarihi Colin Calloway ya raɗa wa littafinsa suna The Victory with No Name, wato nasarar da ba ta da suna, kuma sunan kaɗai ƙorafi ne. Ranar 4 ga watan Nuwamba 1791, a bakin kogin Wabash, ƙawancen ƙabilun asali na Amurka, a ƙarƙashin Little Turtle da Blue Jacket, ya tarwatsa rundunar janar Arthur St. Clair. Sojoji fiye da 600 suka kwanta dama. Amma da sunan wanda aka kayar tarihi ya fi kiran wannan rana.

Abin da masana shari'a ke yabawa shi ne abin da ya biyo baya. A watan Maris 1792 majalisar wakilai ta ƙi bar wa shugaba Washington binciken, ta kafa kwamitinta mai ikon kiran mutane da neman takardu. Shi ne karo na farko da majalisar Amurka ta bi diddigin aikin gwamnati. Washington ya tara ministocinsa, suka amince majalisa na da hurumi, amma shugaba na iya riƙe takardar da fitarta za ta cuci ƙasa. A wannan karon bai riƙe ko ɗaya ba. Ikon sa ido da ƙofar kauce masa tagwaye ne, rana ɗaya aka haife su.

Yabon yana buƙatar awo. Rahoton watan Mayu ya wanke St. Clair, ya ɗora laifi a kan jinkiri da lalatattun kayan yaƙi, ya taɓa ma'aikatar Henry Knox da ɗan kwangila William Duer. Knox ya yi kuka, aka sake zama, rahoton 1793 ya fito da laushi, majalisa kuwa ba ta yanke hukunci ba.

A nan karatun Calloway ya fi na masu yabo zurfi, domin ya maido da maganar ƙasa da masu cinikinta. Kwamitin ya ƙidaya albarushi da dawaki da guzuri, bai tambayi abin da ya kai runduna ƙasar mutane ba. A 1794 janar Anthony Wayne ya koma da sabuwar runduna. A 1795 yarjejeniyar Greenville ta raba ƙabilun da mafi yawan Ohayo.