Babur Ba Birki: Gwanintar Masu Tseren Sifidiwe

Duk wanda ya koyi babur ya san darasin farko da ake ba sabon shiga: ga birki nan, in ka hango kwana ka rage gudu, in ka faɗa yashi kada ka kuskura ka murɗa totur da ƙarfi. To, akwai wani tsere a Turai da Ostareliya wanda aka gina kacokan a kan saɓa wa wannan darasi. Babur ɗin ba shi da birki ko ɗaya, giyarsa ɗaya tak, filin kuma ƙasa ce mai ɓarɓashin dutse, ba kwalta ba. Mahayin yakan tunkari kwana da gudun da ya haura kilomita 100 a awa, ya karkata babur ya shige ta a kaikaice, tayar baya tana feshin ƙasa. Sunan wasan sifidiwe, kuma ban san wata gwaninta a kan taya biyu da ta kai shi ƙayatarwa ba.

Tsarinsa ba wuya. Filin kewayayye ne mai siffar ƙwai, tsawonsa tsakanin mita 260 zuwa 425, da miƙaƙƙen layi biyu da kwana a kowane ƙarshe. Mutum huɗu ke tashi tare, su zagaya sau huɗu, kullum hagu suke karyawa. Na ɗaya ya ɗauki maki 3, na biyu 2, na uku 1, na kashin baya ya tashi a tutar babu. Ana bambanta su da launin hular kwano: ja, shuɗi, fari da rawaya. Duka-duka minti ɗaya ne an gama, sai a shiga karo na gaba. A wasan kulob da kulob akan yi karo 15, kowane ɓangare na fito da mutum biyu a kowane karo.

An fi danganta asalin wasan da filin baje koli na West Maitland a Ostareliya, inda Johnnie Hoskins ya shirya tsere a watan Disamba na 1923. Ya ƙetara Ingila a 1928, aka kuma yi gasar duniya ta farko a Wembley a 1936, inda Lionel Van Praag ɗan Ostareliya ya zama zakara.

Shi kansa babur ɗin an tuɓe masa duk abin da ba dole ba. Injinsa silinda ɗaya ne mai ƙarfin cc 500, yana shan metanol maimakon fetur. Doka ta hana nauyinsa ya gaza kilo 77, maƙera kuwa ba sa barin ya zarce haka da yawa. Tankin ɗan ƙarami ne, abin da zai kai shi zagaye huɗu kawai. Bayansa ba abin da ke tare girgiza, duk ramin da taya ta faɗa a jikin mahayi yake sauka. Ba makunni, turawa ake yi ya tashi. A wuyan hannun mahayi akwai 'yar igiya haɗe da inji, yana faɗuwa ta fizge, wuta ta ɗauke. Ƙafarsa ta hagu kuma sanye take da takalmin ƙarfe a kan na fata, domin da ita yake shafar ƙasa a cikin kwana.

Tambayar da kowa ke yi ita ce: in ba birki, da me ake rage gudu? A nan gwanintar take. Idan mahayi ya iso bakin kwana, sai ya turo jikinsa gaba har ƙirjinsa ya kusa hawa kan hannun babur, nauyi ya ragu a tayar baya. Ya kwantar da babur hagu, ya ci gaba da ba shi wuta. Tayar baya sai ta riƙa juyawa fiye da yadda ƙasa ke iya riƙe ta, ta zame waje, babur ya gitta. Wannan gittawar ce ke cinye gudun. A lokaci guda yana karkata tayar gaba zuwa dama, wato saɓanin inda yake son zuwa, don kada babur ya juya da shi baki ɗaya. Da yake hancin babur yanzu yana kallon cikin fili, ita tayar bayan da ke zamewa ita ce ke tura shi ya kewaye kwanar. Ashe totur ɗin da ke ƙara gudu shi ne birkin, shi ne kuma matuƙi.

Fitowa daga kwana ta fi shiga wuya. Nan mahayi zai janye jikinsa baya, ya danna nauyinsa a kan tayar don ta kama ƙasa ta harba shi gaba. Ya makara da ɗan ƙiris, taya ta yi ta juyawa a banza, abokan hamayya su wuce. Ya yi gaggawa, taya ta cafki ƙasa farat ɗaya, gaban babur ya ɗaga sama ya miƙe da shi zuwa katanga. Tsakanin waɗannan kurakurai biyu akwai wata siririyar hanya, kuma dole ya same ta sau takwas cikin minti ɗaya, ga mutum uku gwiwar hannunsu na gogar tasa, ga ƙasa tana zubo masa a fuska har sai ya riƙa ɓare siraran ledojin da ke kan tabaransa ɗaya bayan ɗaya don ya ga gabansa.

Kafin a kai ga kwana akwai tashi, wanda shi ma ilimi ne mai zaman kansa. A layin farawa ana gitta zare daga wannan gefe zuwa wancan, alƙalin wasa ne ke sakinsa ya tashi sama. Wanda ya taɓa zaren kafin a sake shi ya jawo wa kansa hukunci, sau da yawa ma kora daga wannan karon. Ka lura da su kafin tashi: kowa ya sauka yana tonon ƙasa da dugadugi, yana cike ramin da tayar wani ta bari, yana dannawa, don tasa tayar ta sami abin kamawa. Sannan ya hau, ya riƙe kuloci, ya cika wuta, idonsa a kan ƙarfen da ke riƙe da zaren a gefe, domin nan motsi ke fara bayyana. Sakin kulocin da yatsu biyu ake yi, kuma a cikin ƙiftawar ido ake cin rabin tseren ko a zubar da shi.

Bayan hannu sai ido. Filin da aka fara wasa a kai ba shi ne wanda za a ƙare a kai ba. Kowane karo tayoyi na kwashe ƙasa daga ciki suna jibge ta waje. Da farkon dare layin ciki ya fi riba saboda gajarta. Can tsakiyar wasa ciki ya goge ya yi santsi, ƙasa mai kamu ta taru kusa da katanga, sai mai ƙarfin hali ya bi doguwar hanya ya wuce wanda ya maƙale a ciki. Tarakta ta shigo ta baje ƙasar, motar ruwa ta yayyafa, lissafi ya sake. Shi ya sa za ka ga mahaya sun jeru a bakin fili suna kallon karon da ba nasu ba. Abin da suka gani suke kai wa bakanikensu, a sauya farantin haƙoran sarƙa na baya, a taɓa kafireto, a matsar da taya gaba ko baya, a juya tayar don a mori ɗaya gefen nata mai kaifi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a wannan wasa ko ana cikin tafiyar ba a daina gyara ba.

Akwai kuma wata gwaninta da tsofaffin 'yan kallo suka fi so, ta haɗin gwiwa. Idan 'yan kulob ɗaya suka sami gaba su biyu, wanda ya fi ƙwarewa yakan rage wuta, ya riƙa waiwayen ɗan'uwansa, ɗaya ya tsare ciki ɗaya ya tsare waje, su toshe hanya har su kwashe maki 5 su bar wa abokan hamayya 1. Mutum yana tafiya a kaikaice ba birki, kuma yana da sauran hankalin da zai kula da wani, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gwanayen wasan kowa da salonsa. Ivan Mauger na Niw Zilan ya ci duniya sau shida tsakanin 1968 da 1979, an san shi da iya tashi da tsari mai tsauri. Tony Rickardsson na Siwidin shi ma sau shida, kuma har gobe ana labarin yadda a Cardiff a 2005 aka matse shi a kwanar farko, ya hau da tayarsa jikin katanga ya fito a gaba. Tomasz Gollob na Polan, zakaran 2010, ya yi suna wajen bi ta gefen katanga inda kowa ke tsoro. Greg Hancock na Amurka ya ɗauki kambinsa na huɗu a 2016 yana da shekara 46, abin da ke nuna cewa kai ya fi ƙwanji aiki a nan. Na yanzu kuwa Bartosz Zmarzlik ne na Polan, wanda ya kamo Mauger da Rickardsson da kambi na shida a 2025. Shi ko an riga shi tashi ba a gama da shi ba, yakan rataye a gefen babur ya nemo kamu inda wasu ba su gani ba.

Kada a ɗauka abin wasan yara ne. Lee Richardson ɗan Ingila ya rasa ransa bayan haɗarin da ya yi a filin Wrocław a 2012. Darcy Ward ɗan Ostareliya, wanda ake ganin zai gaji manya, ya shanye bayan haɗarin da ya yi a Zielona Góra a 2015. An kewaye kwana da katangar iska mai laushi, ta ceci rayuka da dama, amma haɗari bai ƙare ba.

To me masoya wasan ke cewa game da halin da yake ciki yau? Amsar ta danganta da ƙasar da aka tambaya. A Polan abin sai son barka. Babbar gasarsu ta kulob takwas ita ce mafi ƙarfi da kuɗi a duniya, garuruwa irin su Leszno da Gorzów da Lublin da Toruń suna ɗaukar kulob ɗinsu tamkar tutar gari, babban filin wasa na ƙasa da ke Warsaw kuma ya sha tara mutum wajen 50,000 a daren gasar duniya. A Birtaniya labarin ya sha bamban. Ƙasar da ta taɓa tara sama da mutum 80,000 a Wembley, har zuwa gasar ƙarshe da aka yi can a 1981, yanzu filaye take rasawa. Na Coventry ya rufe a ƙarshen 2016, magoya baya suka shafe shekaru suna fafutukar hana a mai da shi gidaje. Wolverhampton da Peterborough sun rasa nasu a 2023. Gasar duniya da Cardiff ta fara karɓa tun 2001 ta koma ƙaramin fili a Mancesta a 2025. Yawancin kulob-kulob haya suke yi, mai fili ya sami wanda ya fi su biya, shi ke nan.

Sauran koke-koken sun shafi wasan kansa. Wasu na cewa mahayi ɗaya yana yi wa kulob uku ko huɗu wasa a ƙasashe daban-daban cikin mako guda, ga Ingila, ga Siwidin, ga Denmak, ga Polan, to yaushe yaron gari zai ɗauke shi nasa? Wasu na kukan tsadar inji, cewa mai kuɗin biyan fitaccen mai gyaran inji ya riga ya yi nisa tun ba a tashi ba. Dattawa na kewar tsohon tsari na dare ɗaya mai fid da zakara, wanda aka maye da jerin gasa tun 1995, suna kafa hujja da Mark Loram da ya zama zakaran 2000 ba tare da ya lashe ko zango ɗaya ba. Matasa kuma na cewa ai hakan ne adalci, wanda ya jure shekara guda shi ne gwani.

Kukan da ya fi kowanne yawa shi ne na filin da aka danne ya yi tauri, aka bar shi ba ƙasa, har ya zama duk wanda ya riga kaiwa kwanar farko ya ci, sauran su bi shi a jere. A nan ina tare da su ɗari bisa ɗari. Abin da mutane ke biyan kuɗi su gani shi ne irin abin da Chris Harris ya yi a Cardiff a 2007, da ya taso daga baya ya wuce Hancock a kwanar ƙarshe. Duk sauran matsalolin na kuɗi ne da shugabanci, ana iya daɗewa ana jayayya a kansu. Wannan kuwa maganinta a hannun masu shirya fili yake: a zuba ƙasa isasshiya, a ba ta ruwa daidai, a samar da hanya biyu ko uku ta wucewa. Gwanaye suna nan ba su ƙare ba, fage suke buƙata.

Mai karatu, gani ya kori ji. Bidiyon wannan tsere na nan birjik a intanet, minti ɗaya ya ishe ka. Idan ka kalla, kada ka tsaya a kan wanda ke gaba, ka dubi na biyu da na uku, ka lura da hannun dama da inda suke ɗora nauyinsu. Amma ka tuna waɗannan mutane tun suna yara ake horar da su, a fili mai katanga, da motar asibiti a gefe. Naka babur ɗin ka duba birkinsa, ka sa hular kwano, ka bar wannan gwaninta ga masu ita.